Amsa: Jan mai na ɗiga a gaban tsohuwar Camry

Malam, sannu da fama. Ka ce jan mai na ɗiga ƙarƙashin lagireto, giya kuma ta fara jinkirin shiga da safe. Man giya ne wannan, ba na inji ba.

A irin waɗannan motoci masu giya otomatik, man yana bi ta tiyo biyu ya shiga wani bututu da ke cikin tankin ƙasa na lagireto, ya huce, ya koma giyabos. Yawanci tiyon ne ke bushewa ya tsage daidai bakin kilif. A wanke wurin, a tada mota, za ka ga inda yake tsattsafowa. In tiyo ne, aiki ya zo da sauƙi, sai dai kada bakanike ya sa maka tiyon ruwa ko na fetur, ba sa jure zafin man giya.

Amma kafin komai, da safe inji na sanyi, buɗe murfin lagireto. In ka ga ruwan ya yi kauri, ruwan hoda kamar an zuba madara, to bututun ciki ne ya fashe, mai da ruwa sun gauraya. Ajiye motar nan take. Ruwa na ɓare fatar kulocin cikin giyabos, kuma kuɗin giyabos ya ninka na lagireto nesa ba kusa ba. Canza lagireton za ka yi, liƙi da gam ɓata kuɗi ne, sannan a juye man a sake har sai ya fito garau.

Irin man da aka rubuta a jikin sandar auna man giya za ka saya. A Camry ana auna shi inji na aiki, ya yi zafi, giya na kan P.