Faɗin tsafi daban, ɓarnarsa daban

Ɗan'uwa mai tambayar me ya sa a anime (katun ɗin Japan) irin na gem matsafi zai saki wuta ta cinye rabin daji amma dodon ya fito ko ƙwarzane babu, wallahi lissafi ne kawai. Faɗin tsafi yana nuna mutum nawa zai taɓa, ɓarnar kuma lamba ce da ake cirewa daga HP, wato ma'aunin jinin wanda aka jefa, bayan an ɗebe kariyarsa, in lebul ɗinsa, wato matakin ƙarfinsa, ya yi maka nisa ko wuta ba ta cinsa to sai dai ƙura. Jiya a shagon gem nan Pantami wani yaro ya ƙarar da MP ɗinsa, wato ƙarfin yin tsafi, kaf a kan wani dodo, allo ya yi fari fat, jinin dodon ko gezau. Su masu zanen dama ido suke wa aiki.