Anti, sun ce hancin mahaifina ya karkace

Anti, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Funtuwa. Idan yara sun yi barci nakan ɗauki fensir in yi zane, ba don sayarwa ba, tun ina sakandare nake son abin. Watan jiya na zana marigayi mahaifina daga wani tsohon hoto, kwana 9 ina kansa, na ɗora a Facebook. Mutane sun yi ta "Masha Allah", amma wani ya ce hancin ya karkace kamar an maka masa taɓarya, wata ta ce na'ura ce ta zana mini, wani kuma ya ce in je in nemi aikin yi. Tun ranar ban sake taɓa fensir ba. In daina nunawa ne, ko in haƙura da zanen baki ɗaya?

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Mutum uku kika lissafa mini, amma ɗaya ne kaɗai ya kalli zanen. Mai cewa ki nemi aiki bai ma san kina da aji cike da yara da ke jiranki kowace safiya ba, ki bar shi. Wadda ta ce na'ura ce kuwa, yabo ta yi ba ta sani ba. In abin ya tsaya miki a rai, nan gaba ki riƙa ɗaukar hoton aikin tun yana layi-layi, sannan yana rabi, ki ɗora su tare. Shi ke nan an gama da ita.

Mai maganar taɓarya fa? Ba shi da ladabi, wannan ba musu. Fuskar mahaifin mutum ba abin barkwanci ba ce. Sai dai ya nuna wuri a jikin takarda, kuma duk maganar da ta nuna wuri ana iya auna ta. Ki ɗauko zanen ki tsaya da shi gaban madubi. Idon da ya yi kwana 9 yana kallon fuska ɗaya ya riga ya saba da kuskurenta, madubi ne ke juya ta ya mayar miki da ita baƙuwa. Idan hancin ya kauce, nan take za ki gani. Idan kuma lafiyarsa ƙalau, to ki tuhumi wayarki: hoton da aka ɗauka a kaikaice, da dare, takarda na kan cinya, yakan murguɗe fuskar da ba ta da laifi. Ki jingina takardar a bango da rana, ki saita wayar daidai tsakiyarta.

Ni ma an yi mini. Na taɓa zana hannun kakata riƙe da carbi, wani yaro ya rubuta a ƙasa cewa yatsun kamar rogo. Kwana biyu ina hura hanci. Ranar Juma'a na nuna wa wani dattijo mai zanen hula a unguwarmu, ya ɗaga takardar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "'Yata, kin manta gaɓoɓi. Yatsa yana da ƙashi." Maganar yaron ce dai, an yi mata wanka an shafa mata turare. Na koma na sa inuwa a gaɓoɓin da fensir 4B, mai laushin nan da ke yin baƙi sosai, hannun ya zama na Hajiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ko da mai faɗin ya faɗa da gatsali.

Amma kada ki ɗauka kowane gyara dole ne a karɓa. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya don sun ƙi yarda cewa sai an bi salon Turawa kaɗai zane ke yin kyau. Malamansu ne fa suka ja da su, balle wani baƙon ido a intanet. Idan da gangan kika ƙara wa rawani girma don haka kike tuna Baba, wannan naki ne.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne fensirin da kika ajiye. Kin shekara nawa kina zane babu mai gani sai ke da fitila? Wancan lokacin da gida ya yi tsit, kika gama duba takardun ɗalibai da wanke-wanke, shi kike nema, tun kafin a san wani abu wai shi Facebook. Nunawa daga baya ta zo, kuma kina da ikon rage ta. Za ki iya taƙaita masu gani zuwa abokanki kaɗai, ki ɓoye sharhin da ya wuce gona da iri, mai naci kuma ki toshe shi, ba sai kin yi masa bayani ba. Zanen da ya shafi zuciya irin na Baba, shawarata ki tura wa mutum biyu ko uku da kika san za su gaya miki gaskiya cikin mutunci. Kofin shayi, takalmin ɗanki, ƙofar makaranta, waɗannan ki sake su kasuwa kowa ya tofa.

Ki duba madubin daren yau, sannan ki rubuto mini me kika tarar. Ina son sanin ko hancin ne ko wayar.