Yadda Yahudawan da ba sa ibada ke bikin sabuwar shekara a gida

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka Bayahude ne da ba ya zuwa wurin ibada, ya gayyace ka cin abincin Rosh Hashana, wato bikin sabuwar shekarar Yahudawa, kana son sanin me za ka tarar.

Bikin yana faɗowa a watan Satumba ko farkon Oktoba, ana shiga shi da faɗuwar rana. Wasu daga cikin Yahudawan da ba sa ibada suna bin tafarkin da wani malamin Yahudawa, Sherwin Wine, ya kafa a 1963 kusa da Detroit a Amurka. Sun riƙe al'adun kakanninsu, sai dai sun maye gurbin addu'o'i da kalmomin da ke ɗora wa mutum alhakin gyara kansa.

A teburin za ka ga an kunna kyandir, ga burodi mai zagaye, ga rumman. Za a yanka tuffa, kowa ya tsoma yankinsa cikin zuma, fatan shekara mai daɗi ke nan. Wasu gidajen har ƙahon rago suke busawa, su ce farkarwa ce ga zuciya.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman da ake yi a wasu gidajen bayan cin abinci. Kowa ya faɗi wanda ya ɓata wa rai a shekarar da ta wuce, da yadda zai nemi yafiyarsa cikin kwana goma kafin Yom Kippur, ranar neman gafara ta Yahudawa. Wasu kuma su je bakin rafi su watsa gutsattsarin burodi, alamar yar da munanan halaye.

Ka sani akan kawo giyar inabi, don haka ka gaya masa tun da wuri ya tanadar maka ruwan inabi zalla. Ka riƙo kwalbar zuma, kana shiga ka ce masa "Shana tova", wato fatan shekara mai kyau.