Hoton guguwa daga sama: me manomi zai yi da shi?

Tambaya: Malam, mukan ga hoton farin gajimare ya naɗe kamar gammo, a ce mahaukaciyar guguwa ce ke tafe. Wa ke ɗaukar hoton, kuma yaya ake karanta shi?

Amsa: Taurarin ɗan'adam ne, daga nisan kusan kilomita 36,000. Suna tafiya daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yanki ɗaya suke kallo: Meteosat na kallon Afirka da Turai, GOES kuma nahiyar Amurka. Duk minti 10 zuwa 15 sai sabon hoto ya fito. Ko da dare suna aiki, domin sanyin saman gajimare suke aunawa. Wanda ya fi sanyi shi ya fi nisa a sama, galibi kuma shi ke ɗauke da ruwa mai ƙarfi. Guguwar kan taso ne a kan teku mai ɗumi, idan iskarta ta kai kilomita 119 a awa, ta zama mahaukaciya ke nan.

Tambaya: Layin hanyar guguwa da masu hasashe suka zana a taswira bai bi ta yankinmu ba. Mu kwantar da hankali?

Amsa: Kada ku kuskura. Layin nan hanyar tsakiyar guguwar kawai yake nunawa, ruwanta kuwa yakan zuba ɗaruruwan kilomita daga can. Kuma abin da ya fi cin gona ruwa ne, ba iska ba. A watan Maris na 2019 guguwar Idai ta sauka kusa da Beira a Mozambik, ambaliyarta ta lalata amfanin gona sama da hekta 700,000 ana dab da girbi. Hoto inda guguwa take yanzu yake gaya muku. Inda za ta dosa, ku saurari hukumar hasashen yanayi ta ƙasarku safe da yamma, don takan sauya hanya.

Tambaya: To in an ba da gargaɗi, da me za mu fara?

Amsa: Ku girbe duk abin da ya nuna, ko da bai gama bushewa ba; shanya ta fi asara sauƙi. Ku yashe magudanan ruwa, ku ɗaga iri da taki daga ƙasa, ku kai dabbobi kan tudu tun hanya ba ta yanke ba. Zuba taki da feshi su jira, ruwa zai wanke su. In iska ta lafa farat ɗaya, ina roƙonku kada ku fita duba gona: mai yiwuwa idon guguwar ne ke wucewa, wato tsakiyarta inda iska ke lafawa, iskar za ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta.