Amsa ga mai tambaya kan faɗuwar Florida State

Malam, ka tambaya wai ta yaya ƙungiyar jami'ar Florida State da ta ci wasa 13 a jere a 2023 za ta dawo 2024 ta ci 2 kacal ta sha kashi 10, kuma ko ba gara a kori kocin ba. To ni dai na jima ina bin ƙwallon Amurka na jami'o'i, kuma a Tallahassee, garin da jami'ar take, nake zaune lokacin da abin ya faru, bari in faɗa maka yadda na gan shi.

Ka fara cire tunanin kulob irin na Turai a ranka. A nan 'yan wasan ɗalibai ne, kaka huɗu galibi yaro yake bugawa, wanda ya yi fice kuma bayan shekara uku ya tattara ya tafi NFL, babbar gasar ƙwararru. Bayan kakar 2023 mutum 10 ƙungiyoyin NFL suka ɗauka daga Florida State, su Jared Verse da Keon Coleman da Trey Benson, har da kwatabak ɗinsu, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar kai hari, Jordan Travis, da ya karye a ƙafa tun Nuwamba shi ma ya gama. Wato rigar ce kawai ta rage, mutanen da ke ciki duk sun watse. Ga kuma takaicin hana su shiga gasar huɗun ƙarshe ta neman kofin ƙasa duk da ba a ci su ba, 'yan wasa da yawa suka ƙi buga Orange Bowl, wasan ƙarshen kaka da aka ba su, Georgia ta yi musu 63 da 3, wallahi tun daga ranar jikin kowa ya mutu.

Amma ainihin laifin a wajena shi ne yadda kocin, Mike Norvell, ya gina ƙungiyar. Ya saba ɗauko 'yan canjin sheƙa daga wasu jami'o'i, abin ya karɓe shi sosai a baya, su Verse da Coleman ai duk haka suka zo, sai ya yi sakaci da ɗauko yara daga sakandare ya raine su shekara biyu uku. To kayan aro ba ya rufe katara. Da ya sake zuba ƙugiya ya ɗauko kwatabak DJ Uiagalelei daga Oregon State sai abin bai ɗauka ba, kuma babu na gida da ya nuna da zai maye gurbi.

Ina cikin filinsu na gida, Doak Campbell, ranar da Memphis ta ci su 20 da 12, tsohuwar ƙungiyar Norvell fa. Abin da ido ya gani ba sai an faɗa maka ba, ƙartin gaba masu tare wa kwatabak kafin ya ɗaga kai an ratsa su, gudu da ƙwallo babu, in ya jefa kuma ta dira a hannun mai karɓa ta zube ƙasa. Mutane na ta yi wa DJ ihu, ni kam tausayi ya ba ni, don bayan ya ji ciwo a hannu a wasansu da jami'ar SMU an sa Brock Glenn an sa Luke Kromenhoek a madadinsa duk kanwar ja ce. Har Duke da ba ta taɓa cin su ba a tarihi ta ci su, Notre Dame ta yi musu 52 da 3.

Maganar kora kuwa, a Janairun 2024 suka sabunta masa kwantiragi na shekara 8, sallamar sa miliyoyin daloli ne masu yawan gaske, kuma babu faɗawa rukunin ƙasa a wannan gasar balle a ce wuta ta kama. Shi ya sa mataimakansa aka sallama, aka kawo Gus Malzahn da Tony White a matsayin sababbin mataimaka. Ni ban goyi bayan korar sa a lokacin ba, mutumin da ya ɗauko su daga cin wasa 3 a 2020 ya kai su 13 ya cancanci a ba shi dama. In kana son sanin ko sun gyara, ka duba yaran sakandare nawa suke sa wa hannu a Disamba, musamman ƙartin gaban nan.