Tambayoyinku kan Fasaha: Hannun Jari a Cikin Waya, Wa Ke Riƙe da Kuɗin?

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: manhajojin zuba jari da suka cika wayoyin matasa a Sakkwato. Ga waɗanda na zaɓo.

Malam, barka da aiki. Ɗana ya gwada mini wata manhaja cikin wayarshi, ya ce da ita ya sayi hannun jarin kamfanin siminti na Kalambaina, ko banki bai taka ba. Mu a zamaninmu sai an cike fom, a jira takarda wata da watanni. Wanga abu gaskiya ne? — Malamin makaranta mai ritaya, Mabera

Baba, gaskiya ɗanka ya faɗa maka. Kamfanin CCNN na Kalambaina ya haɗe da na Obu da ke jihar Edo suka zama BUA Cement, aka saka shi a kasuwar hannun jari ta Legas a Janairun 2020. Yau duk mai BVN da NIN da asusun banki zai iya saye yana zaune a ƙofar gida.

Sai dai manhajar ba ita ce kasuwa ba. A bayanta akwai dillalin hannun jari mai lasisin SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar hannun jari, wanda ke da izinin ciniki a NGX, wato kasuwar hannun jarin ta Legas. Idan ɗanka ya danna saye, umarnin yana zuwa wurin dillalin, shi ya kai kasuwa, in aka dace da mai sayarwa sai CSCS, kamfanin da ke ajiye rajistar masu hannun jari, ya rubuta hannun jarin da sunan ɗanka. Wannan rubutun na CSCS shi ya maye gurbin takardar da kuke jira a da. Kamar dai a kara ne: dillali ya yi maka cinikin sa, amma san naka ne, ko da dillalin ya bar sana'a gobe. Don haka ka tambaye shi abu ɗaya: ina lambarsa ta CHN? Lamba ce da CSCS ke ba kowane mai hannun jari. In yana da ita, hankalinka ya kwanta. In manhajar ta ce ta sayar masa da hannun jarin Najeriya amma ta kasa nuna masa inda aka rubuta sunansa, a tsaya a bincika.

Yadda abin ya bunƙasa kuwa, daga Amurka iskar ta taso. Kamfanin Robinhood, wanda aka kafa a 2013, ya fito da ciniki ta waya ba kuɗin dillanci, har a Oktoban 2019 manyan dillalai irin su Charles Schwab suka bi sahu. Kullen korona na 2020 ya zaunar da mutane a gida da waya a hannu. A nan Najeriya ma manhajoji irin su Bamboo da Chaka da Trove suka fito, tsofaffin dillalai irin su Meristem da Stanbic IBTC suka buɗe nasu hanyoyin ta intanet. A Disamban 2021 aka sayar wa jama'a hannun jarin MTN Nigeria miliyan 575 kan naira 169 kowane, mafi ƙanƙanta guda 20, wato da naira 3,380 mutum ya shiga, kuma ta waya aka cike fom. A 2024 da Babban Banki ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, NGX ta buɗe dandalin NGX Invest don irin wannan sayarwar.

Abu guda kada ya ruɗi ɗanka: a Najeriya ciniki ba kyauta ba ne. Akwai kason dillali, da na SEC da NGX da CSCS, da haraji, a saye da kuma sayarwa. Mai saye da safe ya sayar da yamma kullum, waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne za su cinye shi.

An tura mini wata manhaja a zauren WhatsApp na 'yan layinmu. Sun ce in na saka dubu ɗari, bayan kwana talatin ta zama dubu ɗari biyu, kwamfuta ce ke cinikin da kanta. Maƙwabcina ya riga ya cire riba. In shiga? — Mai shagon atamfa, Babbar Kasuwa

Alhaji, kada ka shiga. Ba wani ciniki na halak a duniya da ke ninka kuɗi duk wata bisa alkawari. Ribar da maƙwabcinka ya cire, kuɗin wanda ya shiga bayansa ne, kuma don ya jawo irinka aka bari ya cire.

Mun ga MMM da ta daskarar da asusun mutane a Disamban 2016. Mun ga CBEX a Afrilun 2025, da alkawarinta na ninka kuɗi cikin kwana talatin da labarin ƙirƙirarriyar basira, daidai da abin da aka gaya maka. Da ta rufe, SEC ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Lambobin da ke hauhawa a fuskar waya ba hujja ba ne, yaro mai koyon rubuta manhaja zai haɗa maka irinsu cikin mako.

Ka lura da yadda ta iso gare ka. An turo ta ne a matsayin fayil na APK, wato manhajar da ake sakawa kai tsaye ba ta Play Store ba, wayar ta yi gargaɗi, aka ce ka danna amincewa? Irin waɗannan kan nemi izinin karanta saƙonninka, kuma a saƙonni ne banki ke turo lambar tabbatarwa. Asusun da za ka tura kuɗin, da sunan kamfani yake ko da sunan wani mutum? Sannan ka shiga shafin sec.gov.ng ka nemi sunan a jerin masu rajista. Takardar CAC da suke yawan nunawa shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Samun manhaja a Play Store ma ba lasisi ba ne.

Ka kuma ja kunnen maƙwabcin naka ya daina kawo mutane. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi.

Ina son in sayi hannun jarin Apple da dala don gudun faɗuwar naira. Ya abin yake? — Ɗalibi, Jami'ar Usmanu Danfodiyo

Ɗan'uwa, ana yi, kuma ba sai kana da kuɗin hannun jari guda cikakke ba. Manhajojin suna sayar da gutsure. Dalilinka ma ba na banza ba ne: dalar da ke wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Amma nan CSCS ba ta da hannu. Hannun jarin yana wurin wani dillali a Amurka da manhajar ke hulɗa da shi, saboda haka ka karanta sunansa a takardun da ka amince da su. Farashin da za a canza maka naira da wanda za a mayar maka da ita ba ɗaya ba ne, kuma Amurka na cire kashi 30 cikin ɗari na rabon riba kafin ya iso gare ka. In naira ta farfaɗo, ribar da kake lissafi ta ragu. Ka kuma tuna a Agustan 2021 kotu a Abuja ta rufe asusun bankin wasu daga cikin kamfanonin waɗannan manhajoji bisa buƙatar Babban Banki, kafin daga baya a buɗe. Kuɗin rajistar zango mai zuwa dai kada ya shiga ciki.

Akwai zuba jarin da babu kuɗin ruwa irin na banki a ciki? — Ma'aikaciyar jinya, Arkilla

Hajiya, akwai. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da naira 10,000, kuma ofishin kula da basussuka na ƙasa (DMO) ke sanarwa duk lokacin da aka buɗe. A NGX akwai ma'aunin Lotus Islamic, wanda ke tace kamfanoni, ya cire bankunan da ke cin kuɗin ruwa da masu giya da caca daga jerinsa. Bankin Jaiz ma yana kasuwar tun 2017. Ki kai wa malaminki sunan kamfanin da abin da yake sayarwa, ba sunan manhajar ba.

An sace mini waya a tasha, kuma manhajar jarina na ciki. — Direba, Gawon Nama

Malam, Allah ya mayar da alheri. Hannun jarinka ba ya cikin wayar, yana CSCS. Haɗarin yana ga layinka, domin da shi ɓarawo zai karɓi lambobin tabbatarwa. Yau ɗin nan ka sa kamfanin layin ya toshe shi, ka je ofishinsu da NIN su sake maka wani, ka sa banki ya dakatar da cire kuɗi, sannan ka rubuta wa dillalinka. Daga wata wayar ka canza kalmar sirrin imel ɗinka, ka fitar da tsohuwar wayar daga asusunka na Google. In ka sayi sabuwa, ka saka wa layin kansa lambar sirri a saitin tsaro, ka kuma hana saƙonni bayyana a fuskar waya tana kulle.