Zan Sayi Jirgin Ruwa Don Iyalina, Wanne Zan Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Rijiyar Zaki, mu takwas ne da yara. Ina so in riƙa kai su shan iska a Dam ɗin Tiga. An turo mini hotunan jirage biyu na hannu daga Legas. Ɗaya ƙafa 26 ne, injinsa a ciki, da ɗan ɗaki da banɗaki. Ɗayan ƙafa 21 ne, mai rumfa, injin Yamaha a ɗaure a bayansa. Uwargida ta fi son mai ɗakin.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Hajiya tana da hujja, mace da ƙananan yara a tsakiyar ruwa suna bukatar sutura da wurin kewayawa. Duk da haka, mai injin wajen nake ba ka shawara.

Tiga ba teku ba ce. An kammala dam ɗin a 1974, zamanin Audu Bako, domin noman rani, kuma har gobe ruwansa ake saki zuwa gonakin Kadawa da Kura. Idan rani ya yi nisa sai gaɓa ta ja baya, taɓo da kututture su matso kusa, ga kuma ragar masunta. Injin waje kana iya ɗaga shi sama da zarar ka shigo wuri marar zurfi, in raga ta naɗe farfela ka sa hannu ka warware. Babban kuwa ya fi nitsewa cikin ruwa, nauyinsa ma sai mota mai ƙarfi kafin ta ja shi a tirela daga Kano.

Sai batun gyara, wanda shi ya fi damuna. Injin waje kwance shi za ka yi, ka sa a bayan a-kori-kura ka kai wa makaniki. Na ciki in ya tsaya, jirgin gaba ɗaya ya tsaya, ga wuyar kayan gyara, ba abin da za ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ka samo da yamma ba ne.

Kada ka biya ko sisi a kan hoto. Ruwan Legas da gishiri, gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi ta ciki. Ka je da kanka, a tayar da injin a cikin ruwa, ka duba ko yana tsarto ɗan siririn ruwan nan ta baya, shi ne shaidar yana sanyaya kansa. Sannan ka kama injin ka jijjiga. In bangon da aka ɗaure shi yana lanƙwasa, katakon cikin faibar ya ruɓe, ka bar musu kayansu.

A duba ɗan allon da ke jikin jirgin mai nuna adadin mutanen da zai ɗauka. In bai kai takwas ba, to ku riƙa shiga kashi biyu. Mu a Kano ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamban 2021 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a Dam ɗin Watari da ke Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, kuma lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. Allah Ya jiƙansu. Kowane yaro a saya masa rigar ceto daidai jikinsa, a ɗaure masa tun yana gaɓa. Ka kuma nemi rajista a wurin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa.

Game da bukatar Hajiya, mai ɗinkin tamfol zai zagaye rumfar da labule, a sa ɗan masai na ɗauka-ka-tafi a lungu guda.